Ɗalibta A Kurmin Amazon: Abin Da Muka Gano A Ƙasar Ekwado

A makon jiya mun yi alkawarin kawo labarin tafiyar da ta raba mu da wannan fili har wata uku. To, alkawari kaya ne, yau ga shi za mu sauke.

Waɗansu abokai sun yi mamaki da suka ji mutumin da ya ba shekara hamsin baya, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a kan nahawu da balaga, ya wanke allo ya tafi koyon Sifaniyanci. Dalili shi ne, mun daɗe muna bin tarihin Andalus, watau ƙasar da Musulmi suka shiga a shekarar 711, daularsu ta ƙarshe a Garnaɗa ta faɗi a 1492. Akwai littattafan Larabci masu yawa, rubutun hannu, a ajiye a laburaren El Escorial kusa da Madrid, kuma masanan can da harshensu suke yin sharhi a kansu. Wanda ya dogara ga tafinta kullum, da idon aro yake karatu.

Muka zaɓi birnin Kito, hedkwatar ƙasar Ekwado a Kudancin Amurka, domin kuɗin makaranta da na masauki sun fi sauƙi, mutanen kuma ba su gaggawa a magana. Birnin yana bisa duwatsun Andes, tudunsa ya kai kimanin mita 2,850, har kwanakin farko in mun hau bene sai mun tsaya mun yi haki. 'Yan kasuwa su lura, tun shekarar 2000 dalar Amurka ce kuɗin ƙasar.

Ba mu daɗe a aji ba sai muka fara cin karo da tsofaffin sani. Mai na girki sunansa "aceite", daga az-zait. Sukari "azúcar" ne, shinkafa "arroz", sito "almacén", daga al-makhzan, kwastan kuwa "aduana", daga diwan. Magajin gari suna ce masa "alcalde", asalinsa al-ƙadi, kalmar da mu muka mayar alƙali. Muka riƙa yi wa malamar aji bayanin tushen kalmomin harshenta, 'yan aji suna jinjina, mu kuwa zuciya tana fara kumbura. A wannan hali makarantar ta shirya wa ɗalibai tafiyar kwana biyar zuwa kurmi.

Daga Kito muka shiga jirgin sama zuwa garin Koka, tafiyar da ba ta kai awa guda ba, amma ta sauko da mu daga sanyin dutse zuwa zafi mai gumi. Daga nan sai kwalekwale mai inji, muka gangara kogin Napo wajen awa biyu. Wannan kogi shi ne Francisco de Orellana ya bi a 1541 zuwa 1542 har ya faɗa babban kogin Amazon ya fita teku. A kudu da shi gandun Yasuni yake, wanda gwamnati ta keɓe a 1979, hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren da take kula da su a 1989. Faɗinsa ya kusa murabba'in kilomita 10,000. Masana sun ƙirga irin itatuwa fiye da 600 a hekta guda tak, irin tsuntsayen gandun kuma sun kai kimanin 600.

A nan Larabcinmu ya ƙare. Kwalekwale "canoa" ne, gadon lilo "hamaca", kada "caimán", kuma duk daga harsunan mutanen ƙasa na asali Sifaniyawa suka aro su. Jagoranmu saurayi ne ɗan ƙabilar Kicuwa, wanda a haife mun haife shi. Shi ma Sifaniyanci koyonsa ya yi, saboda haka yana magana dalla-dalla, yana nuna abu da hannu sannan ya faɗi sunansa. Kalmar da muka koya ta haka ba ta sake ɓace mana ba, alhali kuwa waɗanda muka haddace daga littafi rabi sun zube.

Da asuba wani ruri ya tashe mu, muka ɗauka damisa ce a bayan ɗaki. Ashe biri ne da ake kira "aullador", mai wani ƙashi kamar ƙoƙo a maƙogwaro, wanda ake jin kukansa daga nisan kilomitoci. Da hantsi aka kai mu wata gaɓa inda ɗaruruwan aku suke sauka suna cin yumɓu. Bayanin da ya fi ƙarfi wurin masana shi ne, gishiri suke nema, domin wannan yanki ya yi nisa da teku, 'ya'yan itacen da suke ci ba su da shi, kamar dai yadda makiyayi yake ba shanu kanwa. Waɗansu kuma suka ce yumɓun yana kashe dafin 'ya'yan itace. Muka ga "perezoso", ma'ana malalaci, dabbar da take rataye a reshe, ba ta saukowa ƙasa sai kamar sau ɗaya a mako don biyan bukata. Muka ga tururuwa a jere, kowace da guntun ganye a ka. Ba cin ganyen suke yi ba, taki suke yi da shi a rami, suna noma wani irin naman kaza wanda shi ne abincin 'ya'yansu. Da dare aka haska tocila a kan tafki, sai ga jajayen idanun kadoji kamar garwashi.

Rana ta uku muna tafe cikin taɓo da takalman roba har gwiwa, santsi ya kwashe mu, muka kai hannu za mu dafa gindin wata itaciya. Jagora ya daka tsawa da kalma biyu. Mu kuwa muka tsaya muna fassara su a zuci, muna neman wace ce fi'ili. Kafin mu gama, yaron nan ya buge mana hannu da ƙarfi. Ranmu ya ɓaci, don rabonmu da a buge mana hannu tun muna makarantar allo. Sai ya nuna mana gindin itaciyar, ga waɗansu baƙaƙen cinnaku, kowane ya kai tsawon gaɓar yatsa. Sunansu "conga", harbinsu yana hana mutum sakat yini da kwana. Abin da ya ce shi ne mu yi hankali da su. Kunya ta kama mu, muka yi masa godiya. Haƙiƙa sanin asalin kalma daban, jin ta a lokacin da ake bukata daban.

Mai niyyar irin wannan tafiya zai tambayi abinci da salla. Mun yi allurar rigakafin shawara tun daga gida. Mun faɗa wa masu masauki tun ranar farko abin da ba mu ci, suka wadata mu da kifin da ake naɗewa a ganye a gasa, da rogo da ayaba. Rogon nan, da gyaɗa da koko, daga wannan nahiya aka kai su ƙasashenmu. Akwai wani abin sha na rogo da suke tsimawa, suna tarbar baƙo da shi, muka ba da haƙuri cikin ladabi, ba wanda ya ji haushi. Da yake ƙasar tana kan layin da ya raba duniya biyu, dare da rana kusan daidai suke duk shekara, lokutan salla ba su cika motsi ba. Alƙibla gabas ce mai karkata arewa, sai dai a riƙe kamfas, don ganye yana rufe rana. Masu masaukinmu kuwa kafin alfijir suke tashi su kewaye wuta suna shan ganyen "guayusa", manya suna yi wa yara nasiha. Ba mu taɓa yin asuba cikin kaɗaici ba.

Saura magana mai nauyi. A hanyar kogi mun wuce wuraren da harshen wutar iskar gas yake ci dare da rana, domin a ƙarƙashin kurmin akwai man fetur. A 2007 Shugaba Rafael Correa ya yi wa duniya tayi: Ekwado za ta bar man wani yanki na Yasuni a ƙasa in aka biya ta dala miliyan 3,600. Zuwa 2013 abin da ya shiga hannu bai wuce kimanin miliyan 13 ba, sai ya janye tayin, aka fara haƙa a 2016. A watan Agusta na 2023 aka yi ƙuri'ar raba gardama, kusan kashi 59 cikin 100 suka ce a dakatar. Kotu ta ɗibi shekara guda, wa'adin ya cika a 2024 mafi yawan rijiyoyin suna aiki. A cikin kurmin kuma akwai Tagaeri da Taromenane, mutanen da suka zaɓi zama nesa da kowa, waɗanda murar baƙo kaɗai tana iya hallaka su.

Muka tambayi jagoranmu ra'ayinsa. Ya ce shi da aku yake ci, don in sun gudu baƙi ba za su zo ba, amma wansa a wurin masu haƙar mai yake aiki, kuma da albashinsa ake biya wa ƙannensu makaranta. Ba mu da amsar da za mu ba shi, kuma ba za mu yi ƙaryar muna da ita a nan ba. Abin da za mu iya faɗa shi ne, ɗan kasuwan da ya sayar da jari ya rubuta shi a babin riba, littafinsa zai yi kyau shekara guda kawai. Ma'aikacin da ke sa hannu a takardar izini kuma ya sani, a bayan takardar akwai kogi da mutanen da ke sha daga gare shi, ko da bai taɓa ganinsu ba. Wannan amana ce.

Ga mai son zuwa, shawararmu uku ce. Ya nemi masaukin da mutanen wurin suke da hannu a cikinsa. Kada ya biya kuɗi don a ɗora masa dabbar daji a kafaɗa a ɗauki hoto, kada kuma ya sayi fata ko gashin tsuntsu, domin kuɗinsa ne zai sa a kamo wata gobe. Na uku, ya bar rawanin malanta a masauki, ya bi bayan wanda ya san hanya.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma kan Andalus. Wassalam.