Noma Marar Hayaƙi: Wa Zai Ɗauki Nauyinsa?

'Yan'uwana ɗalibai, ina so mu yi shawara a kan wata magana ta noma, gama yawancinmu 'ya'yan manoma ne, 'ya'yan manoma kuma za mu koyar.

Sa'ad da a ka tura ni gwajin koyarwa a wata makaranta wajen Tagwai, kullum na kan bi ta gefen madatsar ruwan nan da a ka gina a 1978, wadda mutanen Minna ke sha. In an yi ruwa da dare, da safe sai in tarar da rafukan da ke zuba cikinta sun yi ja wur. Jan nan kuwa ƙasar gonakinmu ce. An ƙone kara da rani, an sare itatuwa, ƙasa ta zauna tsirara, ruwan farko ya zo ya kwashe ta.

To, ashe ba mu kaɗai abin ya dama ba. Manyan kamfanonin abinci da ke sayen hatsinmu su ma sun farga. Kamfanin Nestlé, mai yin Golden Morn da masarar ƙasar nan, ya yi alkawari a 2020 zai rage rabin hayaƙinsa mai ɗumama duniya kafin 2030. Ya kuma ce wajen kashi biyu cikin uku na hayaƙin daga noma da kiwo ya ke fitowa. Watau alkawarin kamfani ne, amma a gonar talaka za a cika shi.

Mene ne noma marar hayaƙin? Kada a ƙone kara, a bar shi ya ruɓe ya koma ƙasa. A bar kaɗanya da ɗorawa a gona. In bana an shuka masara, baɗi a shuka waken soya ko gyaɗa, domin saiwoyinsu na tara wa ƙasa abinci daga iska. A zuba takin gida. In za a sa takin zamani, a binne shi gindin shuka, gama wanda a ka watsa a fili rabonsa iska da rafi. Lalle duk wannan daidai ne, kakanninmu ma sun san yawancinsa tun kamfani bai zo ba.

Amma fa akwai wuya. Karan da a ka ce a bari, da shi a ke shinge, shi dabbobi ke ci, harawa kuwa kuɗi ce. Takin gida sai an biya mai ɗauka. Ƙasar da ta gaji kuma ba ta farfaɗowa a damina ɗaya. Manomi mai bashi a wuya, ga kuɗin makarantar yara, yaya zai jira shekara uku? In kamfani ya sami yabo a duniya, manomi ya sami ramar buhu, wannan ba adalci ba ne.

Saboda haka ga ra'ayina. Kowane kamfani da ke son hatsin da a ka noma ta wannan hanya, sai ya ɗauki rabin kayan. Ya rubuta yarjejeniya tun kafin shuka, ya faɗi farashi, ya ƙara wani abu a kan na kasuwa, ya sayi waken kamar yadda ya ke sayen masarar. Manoma kuma su haɗu cikin jam'iyyar gama kai, gama tsintsiya ɗaure ta ke shara.

Mu malaman gobe fa, ina namu aikin? Kowace makaranta da a ka tura mu, mu raba gonar makaranta biyu. Gefe ɗaya a ƙone, gefe ɗaya a rufe da kara. Yara su auna amfanin da kansu, su rubuta, su kai wa iyayensu lissafi. Mu koya musu karanta takardar yarjejeniya, don kada wani ya dangwala yatsa a kan abin da bai sani ba. Yaron da ya iya awo da karatu, shi zai zauna da kamfani a yi ciniki ido da ido.

Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.

Wani ɗalibi na aji biyu