Lafiya Uwar Jiki: Tsadar Gyaran Ƙyauren Zuciya

A cikin zuciyar ɗan Adam akwai ƙofofi huɗu, kowacce da ƙyaurenta mai buɗewa jini ya wuce, sa'an nan ya rufe don kada jinin ya komo baya. Idan ƙyaure ya ƙanƙance ko ya daina rufuwa sosai, sai mutum ya fara haki, ƙafafu su kumbura, barci ya gagara sai a zaune. In abin ya yi nisa, ba makawa sai an buɗe ƙirji a gyara ƙyauren, ko a sa na ƙarfe, ko wanda aka yi da tsokar dabba.

Aikin ba baƙo ba ne a Nijeriya. Tun a 1974 aka fara buɗe zuciya a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Nijeriya da ke Inugu, inda Farfesa Fabian Udekwu da abokan aikinsa suka haɗa hannu da Magdi Yakub, shahararren likitan nan ɗan asalin Masar. Amma daga wannan shekara zuwa 2000, waɗanda aka yi wa aikin a can ba su wuce mutum ɗari da 'yan kai ba. Gwaninta akwai ta, abin da ya yi ƙaranci shi ne kayan aiki, da wutar lantarki tsayayya, da kuɗi.

To, nawa ne kuɗin? Wani bincike da likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jihar Legas suka buga a 2013 ya nuna sauya ƙyaure ɗaya ya haura dala 10,000. Tun da dala ta wuce naira 1,000, wannan ya zarce naira miliyan 10. Mafi ƙarancin albashi da aka tsayar a 2024 kuwa naira 70,000 ne a wata. Wato ƙaramin ma'aikaci sai ya tara albashinsa na fiye da shekara goma, bai ci ba, bai sha ba. Dalilin tsadar shi ne ƙyauren kansa, da kayan injin da ke karɓar aikin zuciya da huhu a lokacin tiyata, duk daga ƙasashen waje ake sayo su.

Su wane ne ke bukatar wannan aiki? Yawancinsu matasa ne 'ya'yan talakawa. Wani babban bincike mai suna REMEDY, wanda ya bi majinyata fiye da 3,000 a ƙasashen Afirka 12, har da Nijeriya, da kuma Indiya da Yaman, ya gano rabinsu ba su wuce shekara 28 ba, kashi biyu cikin uku kuma mata ne. Cikin shekara biyu, kusan mutum 17 cikin kowane 100 sun rasu. Asalin ciwon nasu kuwa ciwon maƙogwaro ne na yara, wanda wata ƙwayar cuta ke haddasawa. In ba a yi maganinsa ba, sai garkuwar jiki ta juyo ta afka wa ƙyauren zuciya, ta yi ta lalata shi a hankali.

Har ila yau, fita daga ɗakin tiyata lafiya ba shi ne ƙarshen ɗawainiya ba. Wanda aka sa wa ƙyauren ƙarfe zai sha maganin tsinka jini, wato warfarin, muddin ransa, kuma dole a riƙa auna jininsa a kai a kai. In maganin ya yi kaɗan, jini ya daskare a kan ƙyauren, a sami shanyewar ɓarin jiki. In ya yi yawa, jini ya ɓalle. Ga mace mai ciki kuma, maganin na iya cutar da ɗan tayi. Ƙyauren tsokar dabba ba ya bukatar wannan magani har abada, amma yakan gaji cikin shekara 10 zuwa 15, a jikin matashi ma tun kafin haka, sai a sake buɗe ƙirji. Saboda haka yarinyar da dangi suka sayar da gona aka yi mata aiki a Inugu ko Legas, ta koma ƙauyen da babu wurin auna jini, tana cikin haɗari duk da miliyoyin da aka kashe.

A nan ne ya kamata hukuma ta dubi lissafinta. Allurar penisilin da ake yi wa yaro sau ɗaya a wata, bayan an gano ciwon da wuri, takan hana ƙyauren ƙara lalacewa, kuma kuɗinta bai kai komai ba in an gwada shi da na tiyata. Majalisar Lafiya ta Duniya ta amince da ƙuduri kan yaƙi da wannan ciwo a 2018, Nijeriya kuma ta kafa dokar da ta wajabta inshorar lafiya a 2022. Abin da ya rage shi ne Gwamnatin Tarayya da na jihohi su ajiye penisilin a kowace ɗakin shan magani, su kai na'urar auna jini manyan asibitocin ƙananan hukumomi, su kuma sa tiyatar da magungunan bayanta cikin abin da inshora za ta biya.

Iyaye su ma da nasu. Yaron da ya kwana da zazzaɓi da ciwon maƙogwaro, ko gaɓoɓinsa suka riƙa ciwo suna kumbura, a kai shi asibiti, kada a tsaya ga jiƙo ko cire beli. Tun ran gini ran zane.