Faɗuwar gaba: wadda ake haƙuri da ita, da wadda ake kai wa likita

Daga Dogon Dutsi zuwa Matankari, daga Tibiri zuwa Geceme, in mutum ya ce gabansa na faɗuwa, fassarar farko da ake yi masa ba ta likita ba ce. Wani ya ce mugun labari ke tafe, wani ya ce taɓin iska ne, a ƙasar da bori ya daɗe da zama. Alhali kuwa sau da yawa abin bai kai nan ba.

Zuciya na bugawa wajen sau 100.000 a kwana guda, bisa umarnin wani ɗan gurbi da ke samanta. Wani lokaci sai wani sashen tsokarta ya yi azarɓaɓi, ya buga kafin lokaci. Ba wannan bugun ake ji ba. Abin da ake ji shi ne ɗan shirun da ke biyo baya, sannan bugu mai ƙarfi, domin jini ya samu lokacin cika zuciyar. Shi ya sa mai abin ke rantsuwa cewa zuciyarsa ta tsaya. In aka ɗaura wa masu lafiya na'urar Holter, mai rubuta bugun zuciya na awa 24, akan tarar da irin wannan bugu ga da yawansu, ba su ma sani ba.

Masu tsokano shi sanannu ne: rashin barcin ɗan kasuwar da ya kwana cikin mota, goro da taba, shayin fada har zagaye na uku, da tunanin ma'aikacin da albashinsa ya ƙare wata bai raba ba. Akwai kuma ƙarancin jini bayan masassarar cizon sauro, da cutar maƙoshi mai sa rama da zufa, da zawo mai zubar da potasiyom daga jiki. Wanda ya rage waɗannan, ya samu barci, yakan ga sauƙi. Tsoro kansa na ƙara bugun, bugun kuma ya ƙara tsoro.

Kuskure mafi tsada shi ne neman ƙwayar da za ta rufe bakin zuciya wurin mai tallar magani. Manyan likitoci ma sun ƙone hannu a nan. A 1989, a Amurka, an dakatar da wani sashe na binciken CAST: an ba waɗanda suka taɓa samun toshewar jijiyar zuciya magungunan encainide da flecainide, bugun azarɓaɓi ya ragu ƙwarai, amma mutuwa ta ninka fiye da sau biyu. Tun daga nan tambayar likita ta farko ita ce: zuciyar kanta lafiya take?

Don haka abin lura shi ne sauyi. Bugun da ke zuwa ɗaya ɗaya lokacin hutawa, ya ɓace in an tashi tafiya, shekara da shekaru haka, ba kasafai yake da haɗari ba. Amma in ya koma jeri, zuciya na gudu minti bayan minti. In ya fara zuwa lokacin noma ko ɗaukar buhu. In ya haɗu da jiri, suma, ciwon ƙirji, haki ko kumburin ƙafa. Ko kuwa an taɓa yin mutuwar fuju'ar matashi a gidan, to magana ta sake. Haka ga mai tansiyo ko ciwon sukari. Bugun da ya rikice gaba ɗaya, ba shi da tsari, na iya daskarar da jini cikin zuciya, ya jawo shanyewar ɓarin jiki. Likitocin zuciya galibi a Yamai suke, fiye da kilomita 270 daga Dutsi, saboda haka a fara da asibitin gunduma, a auna tansiyo da jini, a nemi takardar zuwa Doso ko Yamai don awon lantarkin zuciya. Mai zuwa ya riƙe bayani: yaushe abin ke zuwa, minti nawa yake yi, me aka sha kafin nan.

Wadda ba za a jira da ita ba ita ce mai jego. A shekarun 1970 likitoci Davidson da Parry sun nuna yawan gazawar zuciya bayan haihuwa a Zariya, suka danganta ta da kunun kanwa da ɗumin jego. Kanwa, ko da yake ana ce mata potasse da Faransanci, gishirinta sodiyom ne, mai tara ruwa a jiki. A 1992 kuma, Cénac da abokan aikinsa sun sami ƙarancin seleniyom cikin jinin irin waɗannan mata a Yamai. Matar da ta haihu cikin wata biyar da suka wuce, gabanta na faɗuwa, tana tari da dare, ba ta iya kwanciya sai an tokare ta da matashi, a dakatar mata da kanwa, a kai ta asibiti ranar nan, ko da suna ya rage kwana ɗaya.