Mutanen Kaiama Ba Su Manta Da Ɗansu Ba

Jama'a, akwai wani ɗan gari a bakin kogin Nun cikin Jihar Bayelsa, sunansa Kaiama. Kada ku zaci Kaiama ta ƙasar Bargu muke nufi. Wannan ta ƙabilar Ijo ce, ƙasar ruwa da kwalekwale, kuma direbobinmu masu bin hanyar Warri zuwa Fatakwal sun san gadarta. Kowace shekara ran 16 ga watan Mayu mutanen garin sukan taru su tuna da ɗansu, Manjo Isaac Adaka Boro, wanda aka kashe a yaƙin basasa kusa da Okrika cikin Mayun 1968, bai ko cika shekara 30 ba.

An haifi Boro cikin 1938 a Oloibiri, watau garin da aka fara samun man fetur na sayarwa a Nijeriya cikin 1956. Ya yi aikin ɗan sanda, sa'an nan ya tafi jami'ar Nsukka har ya zama shugaban ɗalibai. Abin da ya dame shi ba baƙo ba ne ga duk manomin da ya taɓa kai gyaɗarsa sikeli. Ana haƙa mai a bayan gidan mutum, kuɗin ya tafi Inugu da Ikko, mai ƙasa kuwa a bar shi da gurɓataccen ruwa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ran 23 ga Fabrairu 1966 shi da samarin da ba su kai 200 ba suka ce sun ɓalle, sun kafa Jamhuriyar Neja Delta. Kwana 12 aka yi aka murƙushe su, kotu ta yanke masa hukuncin kisa. Mu dai ba mu taɓa goyon bayan raba ƙasa ba, kuma ba mu ga hikimar tura samari gaban bindigar gwamnati ba. Amma ku dubi abin da ya biyo baya. Cikin 1967 Janar Gowon ya ƙirƙiro Jihar Ribas, ya yi wa Boro afuwa, aka ba shi muƙamin manjo. Shi da mutanensa, da yake sun san kowane lungu na ruwan nan, suka yi wa rundunar Kanar Adekunle jagora. Wanda aka kira ɗan tawaye jiya, shi ne ya mutu cikin kakin sojan tarayya domin ƙasa ta zauna ɗaya. Har yau ana gardama kan wanda ya harbe shi.

To, me mahukunta suka saka masa da shi? An sa wa wani filin shaƙatawa sunansa a Fatakwal. Daga baya aka tono ƙasusuwansa daga maƙabartar Ikoyi aka sake binne su a Yenagoa, da faretin girmamawa. Manya sukan zo su aza furanni, su yi jawabi, su shiga motocinsu. Matacce ba ya tambayar ina kuɗin asibiti, shi ya sa girmama shi yake da arha.

Ga kuwa yadda aka yi da masu rai. Ran 11 ga Disamba 1998 dubban samarin Ijo suka taru a Kaiama, suka zaɓi garin domin garin Boro ne, suka fitar da takardar neman iko da arzikin ƙasarsu. Kafin wata guda ya cika aka aika musu da soja, aka kashe mutane a Yenagoa da Kaiama. Cikin Nuwamba 1999, bayan an kashe wasu 'yan sanda, soja suka rushe garin Odi, wanda ke ƙaramar hukuma ɗaya da Kaiama, kuma a lokacin farar hula ke mulki. Kason mai da ake bar wa inda aka haƙo shi, wanda dā rabi ne kafin yaƙi, tsarin mulkin 1999 ya tsayar da ƙarancinsa a kashi 13 cikin 100, shi ma sai ya bi ta hannun gwamnoni. Ashe sunan mutumin ake so, maganarsa kuwa laifi ce.

Abin da ya sa muke yaba wa mutanen Kaiama shi ne ba su bar wa gwamnati aikin tunawa ba. Sun riƙe sunan ɗansu tare da dalilin da ya sa ya tashi, kowane yaro a garin ya san su duka biyun.

Mu fa? Cikin wannan yaƙi rundunar sojan Nijeriya ta tashi daga mutum wajen 10,000 zuwa wajen 250,000. 'Ya'yan wa aka ɗiba? 'Ya'yan manoma ne da 'yan dako da karen mota, daga Zuru, daga ƙasar Tibi, daga Bauci da Barno da Katsina. Da yawa suna kwance a Onica da Owerri, kusa da 'ya'yan talakawan ɗaya ɓangaren. Ran 15 ga Janairu akan saki tattabaru a Abuja domin sojan da ba a san sunansa ba. Uwarsa kuwa ta san sunansa sarai. Garuruwanmu nawa ne suka rubuta sunayen nasu?

Ba mu ce a sassaƙa mutum-mutumi ba, mun san jama'armu ba za su yarda ba. Allo guda a bangon makarantar gari ya isa, da sunan mamaci da na ubansa da unguwarsu da inda ya faɗi. Kada kuma a jira kwangila daga shugaban ƙaramar hukuma, ƙungiyar 'yan kasuwa ɗaya tana iya biyan mai fenti. Wahalar tana wurin tara sunayen, kuma masu ba da su tsofaffin soja ne da zawarawan da aka bari. Wanda ya shiga soja yana ɗan shekara 20 cikin 1967, yau ya doshi 80.