Jiran Hutu Ba Ya Haifar Da Littafi

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin waɗanda suka karanta Hausa a jami'a suka koma gida aiki, watau "ina da littafi a kaina, lokaci ne ban samu ba." Duk wanda ya zauna da malaman makaranta da ma'aikatan ƙaramar hukuma a Sanyinna, ko Tambuwal, ko Dogon Daji, ko Kebbe, zai ji ta ba sau ɗaya ba. Kuma ba ƙarya suke yi ba. Malami ya fita da sassafe, ya dawo bayan azahar ya iske cefane na jiransa, ga aiken iyaye, ga gona idan damina ce, ga takardun yara da zai duba. Ran Asabar ɗaurin aure, ran Lahadi suna ko ta'aziyya a wani ƙauye, da dare kuwa majalisa, wadda in mutum ya yi fashinta kwana biyu sai an aiko a ji ko lafiya. Na malama ma ya fi, don bayan aji ga girki da reno, ga wunin bikin da ba ta isa ta ƙi zuwa ba. Duk da haka, a ganina abu biyu ne suka fi hana littafin fitowa: jiran ranar da hidima za ta ƙare, da ɓoye niyyar rubutun.

Mu duba tarihin ƙagaggun labaranmu. A shekarar 1933 da Dokta R. M. East ya shirya gasar da ta haifar da littattafan hira na farko, babu ɗaya daga cikin waɗanda suka ci da yake zaman kashe wando. Malam Abubakar Imam yana koyarwa a Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja, Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa kuma yana koyarwa a Midil ta Bauchi ya rubuta Shaihu Umar. Su ma suna da iyali da 'yan'uwa da maƙwabta, ga shi ba su da lantarki balle kwamfuta. Kafin su ma, a nan ƙasarmu ta Sakkwato, Muhammadu Bello ya kammala Infaƙul Maisuri a 1812, alhali yana tsakiyar ɗawainiyar yaƙi da gina sabon gari.

Mai gardama zai ce, ai Magana Jari Ce ba a cikin hidima aka rubuta shi ba. Gaskiya ne, a 1936 an ɗauke Imam daga aji aka kai shi Zariya, ya yi kamar wata shida ba shi da aikin da ya wuce rubutu. Haka kuma tun da ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939 bai sake fitar da ƙagaggen labari mai wannan girma ba, abin da ke nuna cewa aiki na iya cinye marubuci. Amma mai gardamar ya tuna, ba a ba Imam wannan dama ba sai da aka ga Ruwan Bagaja a hannu. Wanda bai rubuta komai cikin ƙunci ba, wa zai san shi har ya ba shi sarari? Zamansa zaman jiran gawon shanu ne.

A wasu ƙasashe ma haka abin yake. Anthony Trollope na Ingila ya shekara talatin da 'yan kai yana aikin gidan waya, ya kuma bar ƙagaggun labarai 47. Dabararsa ita ce zama kan tebur ƙarfe biyar da rabi na asuba, agogo a gabansa, yana neman kalma 250 a kowane minti 15. Najib Mahfuz na Masar, wanda ya ci kyautar Nobel a 1988, ma'aikacin gwamnati ne har farkon shekarun 1970, kuma bai yanke hira da abokansa ba, sai dai ya yanka mata rana, ya yanka wa rubutu sa'o'insa, kowa ya san da haka.

To, a nan ne nake ganin gizo ke saƙar. A Sanyinna ba wanda zai je gidan manomi da hantsin damina ya ce ya zo hira, don kowa ya san yana gona. Ba wanda zai katse malamin zaure yana ba da karatu bayan asuba don ya aike shi kasuwa. Jama'a na girmama lokacin waɗannan mutane domin aikinsu a fili yake, lokacinsa kuma sananne ne. Mai son rubuta labari kuwa kunya yake ji, yana tsoron a ce ya tasa tatsuniya a gaba da gemunsa, saboda haka sai ya ɓoye. Wanda aka gani zaune a ɗaki ba a san abin da yake yi ba, ai shi za a aika niƙa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Maganin abin shi ne mutum ya faɗa wa iyalinsa da abokansa ƙarara cewa daga sallar asuba zuwa ƙarfe bakwai yana da aiki, ya kashe waya, ya kuma dawwama a kai har a saba. Za a yi masa dariya mako biyu, daga nan sai a riƙa cewa, "Ku bari sai ya fito."

Ba ina cewa a yanke zumunci ba ne, Allah Ya kiyaye. Zumunta a ƙafa take, kuma marubucin da ya ƙaurace wa majalisa da kasuwa da gidan biki ya toshe rijiyar da yake sha, don a nan ake jin habaici da ba'a da salon maganar tsofaffi. Sai dai a rarrabe haƙƙi da zaman banza. Ɗaurin aure ba ya cin rabin sa'a, zaman da ke biyo bayansa ne ke cinye wuni. Mutum na iya halarta, ya yi addu'a, ya gaisa da kowa, ya sulale. Lissafin kuwa mai sauƙi ne: kalma 300 a rana, kwana biyar a mako, a bar wa jama'a Asabar da Lahadi, cikin mako 40 an tara kalma 60,000. Da yayyafi kogi kan cika.

Abin da za mu yi asara idan muka ci gaba da jira ba ƙarami ba ne. Tun daga tsakiyar shekarun 1980 Kano ce cibiyar ƙagaggun labaran Hausa, rayuwarta da karin harshenta su suka cika littattafai. Duniya ta san Sakkwatanci ta bakin makaɗa irin su Narambaɗa da Ɗan Anace, amma ƙalilan ne labaran da mutum zai buɗe ya ji tsohuwa ta ce "yat tahi", ko ya ga rayuwar manomin gero na kudancin Sakkwato yadda take. Bakano ba zai rubuta mana wannan ba, kuma ba laifinsa ba ne. Tsofaffin da suka riƙe labaran garuruwanmu suna ta tafiya, ba za su jira mu yi ritaya ba.

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, kowa ya yanka wa alƙalaminsa lokaci tun yana makaranta, don icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Malamanmu kuma, Allah Ya ƙara musu daraja, ina roƙon su riƙa tambayarmu babi nawa muka rubuta, kamar yadda suke tambayar aikin jinga, domin abin da babba ya tambaya yaro ba ya jin kunyarsa. Allah Ya sa mu dace, amin.