Kada maganinmu ya zama guba

Ya ku ƴan'uwa manoman garka, a bakin kogin Isa, nan Saga, zogale ya zama abokin rayuwarmu. Zabarmawa na yin kopto da shi, mu kuma muna kwaɗo. Ganyensa na ƙara jini, kuma yana da bitamin A mai kyautata gani. Shi ya sa ake ba mai jego da yaro.

Amma zogale yana da maƙiyi: wata ƙaramar tsutsa mai saƙa kamar gizo-gizo. Takan haɗe ganye da zarenta, ta cinye korensa, ta bar shi fari fat.

A nan ne da yawa daga cikinmu muke kuskure. Mukan sayi maganin ƙwari a bakin kasuwa, har da wanda aka yi domin auduga. Mu fesa yau, mu tsinki ganye jibi, mu kai kasuwannin Yamai. Auduga ba a cin ta. Zogale kuwa cikin ɗan Adam zai shiga. Wanki ba ya fitar da gubar duka. Ribar da za ta kwantar da yaron maƙwabci a asibiti ba riba ba ce.

Akwai hanya mafi aminci. Mu duba garka kowace safiya. Reshen da tsutsa ta kama, mu yanke shi, mu ƙone. Sa'an nan mu daka ƙwayar ƴaƴan bedi, wato dogon yaro, rabin kilo. Mu jiƙa cikin ruwa lita 10, ya kwana. Mu tace, mu sa ɗan sabulu, mu fesa da marece, domin rana na rage ƙarfinsa. Mu maimaita kowane mako.

In tilas ta sa a yi amfani da maganin kanti, a nemi shawarar malamin gona. A kiyaye kwanakin jira da aka rubuta a jikin kwalba kafin a tsinki ganye.

Wata matsalar ita ce ruwa. Saiwar zogale takan ruɓe in ruwa ya kwanta mata. Ambaliyar 2020 ta nuna mana yadda kogi ke shiga Saga. Don haka mu shuka a kan kunya ko tudu.

Mai sayen ganye ya ba mu amanar lafiyar gidansa. Mu riƙe ta.