Finafinan Sallah: Gwarzo da Kabo sai yaushe?

A Amurka, lokacin zafi furodusoshi ke sakin manyan finafinansu, tun da "Jaws" ya tara maƙudan kuɗi a 1975. A Kano kuwa Sallah ce kakar fim. Azumi na kai ashirin, hira a majalisar matasan Gwarzo da Kabo ta koma kan wane jarumi ne zai yi tashe bana.

A zamanin "Wasila", wajen shekarar 2000, abin da sauƙi. Dillali ya shiga motar Kano da safe, ya saro kaset a Ƙofar Wambai ko Bata, kafin magariba an tada janareta a gidan kallo. Ɗan Kabo da ɗan Fagge kusan rana guda suke gani.

Da kasuwar faifai ta mutu, sai manyan finafinai suka koma sinima. "Mansoor" na Ali Nuhu a sinimar Ado Bayero Mall aka haska shi da Sallar 2017. To, yaron da ke Gwarzo fa? Kuɗin mota zuwa da dawowa, ga tikiti, ga ɗan abin taɓawa, ai goron Sallarsa kaf ya tafi! Dole ya haƙura, ya jira mai tura fim a waya, wanda sau da yawa sisinsa ba ya isa hannun furodusa.

Furodusoshi sun iya kukan satar fasaha, amma sun manta cewa rumfa da majigi a Gwarzo ran hawan Sallah ma kasuwa ce. Kujeru ɗari biyu, allo, janareta, da izinin Hukumar Tace Finafinai. Wa zai fara?